A lambunan Jos: su wa ke cin dodon koɗi?

'Yan uwa ɗalibai, da yawa daga cikin kabeji da karas da latas da ake sayarwa a kasuwanninmu daga Jos suke fitowa. Garin yana bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,200, shi ya sa sanyinsa ya yi suna, kuma ruwan sama yakan fara tun watan Afrilu har zuwa Oktoba. Haƙar kuza da aka yi shekara da shekaru ta bar manyan ramuka da suka zama tafkuna, daga cikinsu da kuma kogin Dilimi masu lambu ke jan ruwa da inji idan rani ya yi. To amma wannan laima da kayan lambu ke so, ita ce kuma dodon koɗi ke so. A ƙasa mai zafi, da rani ya shigo yakan toshe bakin katantanwarsa ya yi barci sai ruwa ya dawo. A lambun da ake ba ruwa kullum kuwa, ba ya rasa wurin kiwo.

Mun sauka wani lambu a gefen Dilimi da sassafe, ƙarshen damina. Ganyen latas duk huji, ga layin yauƙi yana sheƙi a kan fangali, amma mai ɓarnar ya ɓuya. Da dare yake fitowa, yana kankare ganye da harshensa mai dubban ƙananan haƙora, gari na wayewa ya shige ƙarƙashin dutse ko busasshen ganye. Wata ɗaliba a cikinmu ta tambayi dattijon da ke da wurin, ta ce, "Baba, wane magani kuke sa masa?" Ya yi dariya, ya ce mu fara tsinto masa katantanwa tukuna, domin kowacce tana ɗauke da labarin wanda ya cinye mai ita.

Na farko da muka samu tarin ɓaraguzai ne a gindin wani faffaɗan dutse. Wannan aikin tsuntsu ne. Akwai wani mai launin ƙasa-ƙasa, kusan girman kurciya, bakinsa rawaya, wanda ke yawo a ƙasa yana tona ganye. Masu nazarin tsuntsaye sun lura yakan ɗauki dodon koɗi ya riƙa buga shi a dutse, kamar maƙeri da uwar maƙera, har katantanwar ta fashe. Wanda ke son sanin tsuntsayen yankin da kyau, akwai cibiyar nazarinsu ta A. P. Leventis a dajin Amurum, kusa da Jos.

Ta biyu an gutsure ta daga gefe, bakin wurin kamar an yi da zarto, kuma a cikin wani lungu muka same ta tare da 'yan uwanta. Ɓera ke nan. Yana cin dodon koɗi, amma yana cin amfanin gona, saboda haka babu mai lambun da ke marhabin da shi.

Ta uku ita ta fi ɗaure mana kai: lafiyarta ƙalau, ko tsagewa babu, amma ciki fayau. Sau da yawa wannan aikin tsutsar maƙesu ne, wato ƙwaron nan da ke ƙyalla wuta da dare a bakin fadama. Kafin ya yi fiffike, tsutsa ce mai yawo a ƙasa mai laima. Takan ciji dodon koɗi ta zuba masa wani ruwa da ke kashe masa jiki ya narkar da namansa, sannan ta shige cikin katantanwar ta shanye. Wasu baƙaƙen ƙwari masu gudu, waɗanda ake tararwa idan an ɗaga dutse, su ma haka suke zura kai ciki su cinye.

Akwai kuma waɗanda ba sa barin shaida mai yawa. Kwaɗo yakan haɗiye ƙananan gaba ɗaya. Agwagwa ma haka, ƙundunta ke niƙe katantanwar. Sai dai ita ba ta bambanta dodon koɗi da latas, don haka bayan an kwashe amfani, ko kafin dashe, ya kamata a sake ta cikin fangali. Bushiya da dare take sintiri, tana cin ƙwari da tsutsotsi da dodon koɗi, kuma ana gane ta ratsa wuri ta ɗan baƙin kashinta mai ɓurɓushin fikafikan ƙwari. Damo sarkin haƙuri kuwa, idan ya girma haƙoransa na baya sukan yi dakushi, da su yake murƙushe katantanwa kamar mai tauna gyaɗa. Kwarkwasa idan ta yi ayari ta ratsa lambu, ba ta barin ƙananan dodon koɗi, shi ya sa masu kiwonsa don nama a kudancin Nijeriya ke tsoronta.

Da muka jera sunayen, sai muka ga kusan dukkansu halittun da yara ke bi da jifa ne. Kwaɗo a take shi, tsuntsu a harbe shi da danƙo, bushiya da damo a kama. Kowane ɗaya da aka kashe, mai lambu ya yi asarar ma'aikacin da ba ya karɓar ko sisi. Feshin maganin ƙwari barkatai ma ɓarnarsa ke nan, domin yana kashe tsutsar maƙesu da baƙaƙen ƙwarin, ya bar dodon koɗi cikin sulkensa. Shi kansa maganin dodon koɗi mai kama da ƙwayoyin hatsi, wanda ake kira metaldihaid, guba ne ga kare da tsuntsu da bushiya, har Birtaniya ta hana zuba shi a gonaki da lambuna tun Afrilun 2022.

Wani zai ce, me zai hana a nemo maƙiyin da ya fi waɗannan ƙarfi daga wata ƙasa? An taɓa gwadawa. Babban dodon koɗi na gabashin Afirka ya shiga tsibiran Hawai a 1936, ya addabi gonaki. A 1955 aka kawo wani dodon koɗin daga Fulorida ta Amurka, wanda abincinsa shi ne 'yan uwansa. Da ya iso sai ya fi karkata ga ƙananan dodon koɗi 'yan asalin tsibiran masu zama a bishiya, ya taimaka wajen ƙarar da ire-irensu da dama, babban kuma yana nan. Garin neman gira aka rasa ido. Masu gadin da Allah ya ajiye a wuri sun fi baƙon haya, muddin an bar musu mafaka: ɗan tarin duwatsu a kusurwa, shingen ciyawa, da ɗan ruwa domin kwaɗo.

Ga aiki gare ku a wannan mako. Ku je lambun makarantarku ko fadamar da ke kusa da ku da sassafe, ku tsinto katantanwa goma, ku raba su kashi uku: fasassu, gutsurarru da lafiyayyu. Ku rubuta inda kuka sami kowacce da wanda kuke zargi. Ku wanke hannu da sabulu bayan kun gama, domin dodon koɗi na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, dalilin da ya sa kuma ake wanke latas sosai kafin a ci. Ku turo mana sakamakon tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi tsari a wannan shafi.