Natsuwar Hannu a Duhun Maƙera

Duk ɗalibin da aka tura nazarin sana'o'in gargajiya ya san cewa da yawansu a wuri mai ƙarancin haske ake yin su. Maƙeri yana cikin rumfa, dukawa suna cikin zaure. Ni dai ba na haska wa dattijo fitilar kyamara a ido, domin rashin ladabi ne, kuma takan kashe jan garwashi a hoto. Abin da ya rage shi ne in bar ƙyauren kyamara ya jima a buɗe, haske ya shiga. To, a nan gizo ke saƙa, domin ƙanƙanin motsin hannu kan sa hoto ya fito dishi-dishi.

Ƙa'idar masu hoto ita ce, idan gilashi mai milimita 50 ne, kada ƙyaure ya wuce kashi 1 cikin 60 na sakan a buɗe. A maƙera kuwa nakan kai kashi 1 cikin 15. Saboda haka sai in jingina da bango, in manne gwiwoyin hannu da haƙarƙari, in tallabi gilashi da hagu. In na saki numfashi, sai in latsa a hankali.

Amma natsuwata ba ta tsayar da masabar maƙeri. Dole in jira ya dakata yana duban ƙarfe. Waɗannan dattawa ƙarewa suke yi, hoton da ya ɓaci yau ba lalle a sami damar sake shi gobe ba. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce.