Ƙwallo Ɗaya, Taurari Uku: Cinikin da Ya Ruguza Lakers a 2021

A watan Agustan 2021 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles Lakers ta kammala wani ciniki da magoya bayanta da yawa suka yi wa guɗa. Ta ɗauko Russell Westbrook daga Washington, ta haɗa shi da LeBron James da Anthony Davis. Westbrook ba ƙaramin suna ba ne. Shi ne gwarzon gasar NBA na 2017, kuma a kakar da ta gabaci cinikin yana cin maki 22 a kowane wasa, ban da miƙa ƙwallon da ake ci da ita kusan sau 12. Lakers kuwa ba ta daɗe da ɗaukar kofin 2020 ba. Watanni takwas bayan cinikin, ta kammala kakar da nasara 33 da rashin nasara 49, ko zagayen fitar da gwani ba ta leƙa ba, kuma ta sallami mai horar da ita, Frank Vogel.

Ana yawan ɗora laifin a kan rauni, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: Davis wasa 40 ya buga cikin 82, LeBron 56, su ukun kuma sau 21 kacal suka shiga fili tare. Sai dai ko a waɗannan wasannin nasara 11 suka yi, aka ci su 10. Ciwon yana cikin ginin ƙungiyar tun daga tushe.

Mutum biyar ke shiga fili a kowane ɓangare, ƙwallo kuwa ɗaya ce, kuma daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa. Ke nan a kowane lokaci mutum huɗu ba sa riƙe da komai. Darajar ɗan wasa a cikin jeri ta fi rataya a kan abin da yake yi a wannan hali, lokacin da hannunsa ke wofi. Salon LeBron sananne ne tun yana Miami da Cleveland: ya kutsa ya nufi kwando, ya tilasta wa masu tsaro zaɓi. In sun taru a kansa, sai ya wurga ƙwallo ga wanda ke tsaye a kusurwa ya jefa ta maki uku. In sun tsaya a kan mutanensu, sai ya ci da kansa. Dabarar tana aiki ne muddin ana tsoron wanda ke kusurwar. Shi ya sa ake kewaye shi da maharba irin su Ray Allen da Kyle Korver, waɗanda tsayuwarsu kaɗai aiki ce, domin mai tsaronsu ba ya iya matsawa ko taku biyu.

Westbrook kuma mutum ne da ƙarfinsa yake a riƙe ƙwallo, ya sheƙa da ita kamar an koro shi. Jifar nesa ba ta taɓa zama sana'arsa ba, a waccan kakar ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na jifarsa ta maki uku ke shiga. Da zarar ƙwallo ta koma hannun LeBron, mai tsaron Westbrook sai ya ƙyale shi, ya zame zuwa gindin kwando ya toshe hanya. Lakers ta wayi gari tana kai hari da mutum huɗu a kan biyar. In kuma aka bar wa Westbrook ƙwallon don ya ji daɗin wasa, an karɓe ta ke nan daga hannun wanda ya fi kowa sanin yadda ake sarrafa ta. Davis ma, wanda wurin cin abincinsa ke kusa da kwando, ya tarar da cunkoso a ƙofar gidansa.

Abin mamaki, an riga an ga maganin a wani wuri. A Fabrairun 2020 Houston ta sayar da dogonta Clint Capela, ta koma wasa da gajeru masu jifar nesa, don a buɗe wa Westbrook hanyar kwando, kuma ya yi wasa mai kyau a wannan tsari. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Westbrook na buƙatar irin mutanen da LeBron ke buƙata, a kewaye da shi, ba a kewaye da wani ba.

Sai batun abin da aka bayar. Kentavious Caldwell-Pope da Kyle Kuzma da Montrezl Harrell ne suka tafi Washington, Alex Caruso kuma aka bar shi ya koma Chicago. Ba wanda ke sayen tikiti don kallon Caldwell-Pope, amma yana cin kashi 41 cikin ɗari na jifarsa ta nesa, yana bin maharbin abokan hamayya duk inda ya sa ƙafa, kuma ba ya neman a ba shi ƙwallo ya riƙe. Da irinsa da Caruso Lakers ta zama ta ɗaya a tsaron gida a kakar 2020-21. Bayan tafiyarsu ta faɗo ƙasa da tsakiyar jerin.

Cike gurbinsu kuma bai yiwu ba, saboda NBA na da iyakar albashi. A waccan kakar iyakar ta kai kimanin dala miliyan 112, alhali albashin taurarin uku kaɗai ya haura miliyan 120. Doka ta yarda ƙungiyar da ta wuce iyaka ta ɗauki 'yan wasa a kan mafi ƙarancin albashi, don haka aka tara dattawa irin su Carmelo Anthony da Dwight Howard da Rajon Rondo da Trevor Ariza. Sunaye ne masu nauyi, amma ƙafafun sun gaji, kuma tsaro aikin ƙafa ne.

Sabon koci Darvin Ham ya mayar da Westbrook benci a kakar da ta biyo, don ya riƙa jan ragama idan LeBron na hutawa. Ya karɓa, kuma wannan abin a yaba masa ne. A Fabrairun 2023 aka rabu da shi, aka kawo D'Angelo Russell da Malik Beasley da Jarred Vanderbilt, ga Rui Hachimura da ya riga su zuwa a Janairu. Babu ɗayansu da ya kama ƙafar Westbrook a tarihi, amma ƙungiyar da ta fara kakar da nasara 2 cikin wasa 12 ta kai wasan ƙarshe na shiyyar Yamma. A nan Denver ta doke ta sau huɗu a jere, ta wuce ta ɗauki kofi. Cikin biyar ɗin da Denver ke fara wasa da su akwai Kentavious Caldwell-Pope.