Jiya Yara Huɗu Ne Kawai Suka Zo Atisayen Dambe

Yau sai kun yi haƙuri da ni, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Jiya bayan la'asar na rataye buhun yashi a jikin darbejiya, na share fili, na zauna jira. Har aka kira magariba yara huɗu ne suka zo. Manya kuwa ko ɗaya. Alhali lokacin da muka fara koyar da damben zamani a nan Rogo, bayan kakar bara, safar hannu ba ta isar mu, sai an yi layi. Kuma ko sisi ba ma karɓa.

Da farko haushi na ji. Na ce yaran yanzu ba juriya, waya ta cinye su. Daga baya na ce bari dai in bi gida-gida in ji.

Na tarar da mahaifin wani yarona yana wasa fartanya. Na ce, "Baba, kwana biyu ban ga mutumina ba, lafiya dai ko?" Ya ce, "Kai ɗan nan, damina ce fa. Da safe boko, da yamma Islamiyya, Asabar da Lahadi gona. Yaushe zai kai naushi? Kuma da wane cikin?"

Wata uwa kuma ta aiko min cewa su ba mahauta ba ne, kuma ba ta haifi ɗan daba ba. Manyan namu galibi 'yan acaɓa ne da manoma. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, awa biyu a filin atisaye kuɗin cefane ne ya tafi.

Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Ashe laifin nawa ne. Na kwaso tsarin birni na ɗora wa garin manoma.

Ku duba damben gargajiya mana. Rundawa ba su taɓa yin gasa da damina ba. Sai an girbe, rumbu ya cika, sannan a ji kalangu, a ɗaure hannu, a gwabza turmi uku. Gidan dambe irin na Ado Bayero Square a Kano yana iya ci rani da damina saboda 'yan kallo na biyan kuɗin shiga, ɗan dambe kuma sana'arsa ke nan. Mu kuwa yara muke raino.

Maganar daba kuma, ni akasinta na gani. Akwai yaron da ya daina zaman majalisar 'yan shaye-shaye saboda atisaye, don mai sha ba ya iya minti uku a gaban buhu. Makon jiya na hango shi ya koma can. Abin da ya hana ni barci ke nan, ba ƙarancin mutane ba.

Kuma kada a raina wasan nan. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu a dambe aka ciyo ta: Nojim Maiyegun, tagulla, a Tokyo a 1964. Mu da muka haifi irin su Shago, me zai hana?

Ga shawarar da na yanke. Yara sun koma Alhamis da Juma'a da yamma, ranakun da babu Islamiyya. Na manya mun dakatar sai kaka, a riƙa yi bayan isha'i. Ba yaron da zai sa safa sai da yardar mahaifinsa, kuma duk uban da ke shakka ya zo ya zauna ya gani da idonsa.

Mutanen Zarewa, Fulatan da Ƙaraye, idan kun gwada irin wannan, ku faɗa min yadda kuka riƙe yaranku. Yaron can kuwa, gobe da kaina zan je majalisar in same shi. Ku taya ni da addu'a.