Abin da ke kewaye da waya

Duk wanda ya ɗaga kai a Asawase zai ga wayoyi sun yi saƙar gizo tsakanin turaku da rufin kwano. Abin da ke cikinsu mun san shi, mun kuma ɗanɗani rashinsa a shekarun dumsor. Abin da ke kewaye da su ne ba mu cika zancensa ba, domin ido ba ya ganinsa.

A shekarar 1820 wani malami a birnin Kofanhegen na ƙasar Danmak, Hans Osted, ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa idan aka tura wutar batir cikin wayar da ke kusa da ita. Ashe duk wayar da wuta ke gudana a cikinta tana sanye da ƙarfin maganaɗisu, mai zagaye ta zobe bayan zobe, tamkar awarwaro a hannun amarya. Ka riƙe wayar da hannun dama, a zuci fa, ba da gaske ba: idan babban yatsa ya nuna inda wutar ta dosa, lanƙwasar sauran yatsun ita ce hanyar zagayen. Ka ninka nisanka da wayar, ƙarfin ya ragu da rabi.

Waya guda miƙaƙƙiya ƙarfinta kaɗan ne. Sai an naɗe ta ɗaruruwan zagaye zobban suke haɗuwa, su zama ƙarfin da ke juya fanka da injin niƙa. A nan ne nake jinjina wa masu naɗin koyil, na Zongo da na Suame Magazine. Nakan tsaya in kalli mai gyara yana warware ƙonanniyar wayar jan ƙarfe yana ƙirga zagayen a baki, don ya san in ya rage lissafin injin zai yi zafi ya sake ƙonewa. Ilimin Osted ne a yatsunsa, ko da bai taɓa jin sunan ba. Takaicina shi ne yaran da ke koyo a gabansa suna jin "yi kaza" da Hausa, amma dalilin yin sai a makaranta, da Turanci, ga wanda ya samu zuwa.

Hatta kiran salla ta wannan hanya yake iso mana. A cikin lasifika akwai ɗan koyil zaune a bakin maganaɗisu. Muryar ladan ta zama wuta, wutar ta haifi ƙarfi, ƙarfin ya girgiza faifan da ke tura iska zuwa kunnuwanmu.

Wayar gida ba ta cika ruɗa kamfas ba, saboda wutarta tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, allurar ba ta iya bin ta. Maganaɗisun lasifika da wayar batir kuwa suna jan ta ƙwarai. Don haka mai neman alƙibla a sabon ɗaki, da kamfas ko da wayar hannu, ya matsa nesa da su kafin ya shimfiɗa darduma. Daga Kumasi, gabas ce mai karkata zuwa arewa.