"Za mu neme ka"

Da wuya a samu mai neman aiki a Najeriya da bai haddace jumlar da ake rufe intabiyu da ita ba: "Za mu neme ka." Ana faɗinta da fara'a, amma sau da yawa daga ranar ba a sake jin ɗuriyar kamfanin.

Wani matashi da ya karanta aikin akanta a Kano ya bi matakan wani banki ɗaya bayan ɗaya: jarrabawa ta intanet, ganawa ta Zoom, sannan imel ya zo ranar Litinin cewa ana son ganinsa a Legas ranar Alhamis. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000. Yayarsa ta ba shi kuɗin mota daga adashinta, ya ari kwat, ya kwana a ɗakin wani abokinsa a Agege. Ganawar ba ta wuce minti 20 ba. Wata huɗu ke nan yana duba waya da asuba, mahaifiyarsa kuma ta daina tambaya, don kada ta fama masa ciwo.

Shirun nan yana da dalilai, ko da yake babu mai gamsarwa a cikinsu. Wani lokaci kamfani ya riga ya zaɓi wanda yake so, amma yana riƙe da na biyu da na uku ko da na farkon zai ƙi albashin. Wani lokaci an dakatar da gurbin ne daga sama. Sau da yawa kuma tantancewar an ba wa wani kamfani ita kwangila, shi kuwa aikinsa ya ƙare da miƙa sunayen waɗanda suka haye. Waɗanda suka faɗi ba su da mai su. Abin takaicin shi ne manhajar da ta aika gayyata ga dubban mutane a lokaci guda, ita ce dai za ta iya aika musu saƙon haƙuri a kyauta.

Ko a neman aure, idan iyaye ba za su bayar ba, sukan aika a ba da haƙuri, domin mutum ya nemi wata tun da sauran lokaci. A neman aiki ma lokacin ne jari. Bankuna da dama ba sa ɗaukar sabon ma'aikaci da ya haura shekara 26 ko 27. Ɗalibin jami'ar gwamnati da yajin aikin ASUU ya cinye wa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, sannan ya yi shekara guda a hidimar ƙasa, yakan fito ne a bakin wannan iyaka. Wata huɗu na jira na iya tsallakar da shi ita, musamman idan ya ƙi karɓar ƙaramin aiki saboda sa rai da babba.

Daga nan ne wasu ke yanke hukuncin cewa gurbin dama na ɗan wani ne, ko da ba haka ba ne, tunda babu wanda ya yi musu bayani. Wasu kuma sukan nufi kotu su yi takardar rantsuwa, su rage wa kansu shekara biyu.