Shirun Jirgi Ba Faɗuwarsa Ba Ne

Na daɗe ina harhaɗa ƙananan jiragen sama na wasa, irin waɗanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. A cikin abubuwan da ke kayar da su, ban ga kamar firgitar mai tuƙi ba. Da zarar rimot ya yi ƙara cewa rahoton jirgi ya yanke, sai hannu ya kama rawa, a yi ta murɗa sanduna barkatai, jirgin da aka yi wata shida ana tara kuɗinsa ya kife da hanci.

To, mai karatu, magana biyu ce ke tafiya tsakanin mutum da jirginsa. Akwai umarni mai tashi daga rimot zuwa jirgi. Akwai kuma rahoto mai dawowa daga jirgi, yana faɗin ƙarfin batir, da tsawon da ya kai a sama, da ƙarfin siginar da yake ji. A rimot da yawa muryar rahoton ta fi ta umarnin rauni, don haka ita ke fara yankewa, alhali jirgin yana jin maigidansa sarai.

Da can ma babu wannan rahoto. Masu wasan a Ingila suna aiki da zangon megahaz 35, na Amurka da 72, da eriya doguwa kamar sandar makiyayi. Idan mutum biyu suka hau zango ɗaya, sai su kayar da juna. Wajen 2005 kamfanin Spektrum ya fito da rimot na gigahaz 2.4, wannan rigima ta kau, amma sabon zangon ya zo da nasa halin. Ba ya ratsa bishiya ko jikin mutum da kyau, batirin da ke cikin jirgin ma yana iya tare shi idan jirgin ya juya. Shi ya sa ake sa wa na'urar karɓa eriya biyu, ɗaya a miƙe, ɗaya a gicciye. Nisa kuwa, duk lokacin da ya ninka, ƙarfin sigina yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma tsinin eriya shi ne inda sigina ta fi rauni, don haka ba a nuna jirgi da ita kamar bindiga. Gefenta ake ba shi.

Labarin da nake tunawa idan rimot ya yi ƙara shi ne na Maynard Hill, wani dattijo Ba'amurke. A watan Agusta na 2003 ya saki jirginsa mai suna TAM 5, wanda bai wuce kilo 5 ba, daga tsibirin Niwfanlan na Kanada. Jirgin yana tuƙa kansa da GPS, yana aiko da rahoto ta tauraron ɗan'adam. Ana tsakiyar teku sai ya yi tsit na wajen awa 3, har aka fara fid da rai. Can sai ga rahoto ya dawo: ashe yana nan yana cin hanyarsa. Bayan kusan awa 39 da tafiyar kilomita 3,000 ya sauka a ƙasar Ayalan.

Namu jiragen ba su tuƙa kansu, saboda haka aikin yana hannunmu. Idan rahoto ya yanke, kada ka kalli rimot, kalli jirgin. Taɓa sanda kaɗan, in ya amsa, ka juyo da shi gida a hankali, ka ɗan ƙara masa tsawo, ka gyara riƙon eriya.

Amma hattara, wani lokaci yankewar ta gaskiya ce, kuma maganinta tun a ƙasa ake yinsa. A rage ƙarfin rimot, a ja da baya taku 30, a ga ko jirgin yana amsawa. A duba batirin na'urar karɓa, domin in ya yi sanyi takan mutu ta sake tashi a sama. A kuma saita jirgin ya kashe injinsa da kansa in ya daina jin umarni. Mu da muke wasan a filin ƙwallon unguwa, yara cike da gefe, wannan na ƙarshe wajibi ne. Jirgi in ya karye a liƙe shi, idon yaro kuwa ba shi da kanti. Allah ya kiyaye mu.