Kafin ka sayi kwamfuta, tambayi wat nawa take ci

Duk ɗalibin da ya nemi shawarata kan sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, tambayarsa ɗaya ce: Core i5 ko Core i7? Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne wat nawa furosesar ke ci, domin a ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, nan ne gizo ke saƙa.

Lissafin ba shi da wuya. Batirin da ke ɗaukar wat-awa 50 zai yi awa 5 idan kwamfuta na jan wat 10. Idan ta ja wat 25, cikin awa 2 ya ƙare. Yawancin furosesoshin Intel da lambarsu ta ƙare da harafin U an tsara su ne a kan wat 15, masu harafin H kuwa wat 45. Kusan duk wutar da furosesa ta sha zafi take komawa, dole kuma a fitar da shi da fanka da bututun tagulla. Shi ya sa kwamfuta mai ƙarfi take da kauri da nauyi da ƙara. A shekarar 2020 kamfanin Apple ya fito da MacBook Air mai furosesar M1 ba fanka ko ɗaya, saboda ƙarancin wutar da take ci.

Zafin nan ya fi shafar mu. Apple ya ce a yi aiki da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, alhali a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri kan haura 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe hanyar iska, ga masu ɗora kwamfuta a kan katifa. Da furosesa ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace, batiri kuma zafi na saurin tsufar da shi.

Mai zanen gine-gine ko haɗa bidiyo ya sayi mai H, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ɗalibin da rubutu da bincike ne aikinsa, mai cin wuta kaɗan ita ce za ta kai shi ƙarshen lacca da sauran caji.